Wanda Aka Ci Ya Miƙa Pad

A shagon gem na unguwarmu a Mando doka ɗaya ce: wanda aka ci ya miƙa pad, wato abin danna wasan, ya koma benci. Ni kwamfuta gare ni a gida, wasanninta daban, don haka ba a sa ni a sahu. Daga baya aka fara fitar da wasan ƙwallo iri ɗaya ga kwamfuta da na'urar da suke jonawa a talabijin, har ana karawa ta intanet. Daga ɗakina na lallasa gwanin shagon, wani direban tifa, uku da nema. Bayan la'asar na je in ga idonsa. Yana kan kujerarsa, pad a hannu. Bai ko waiwayo ba ya ce, "Malam, bi layi."