Ranar da Na Kashe wa Baba Esi

Likitan da ya cire wa Baba yanar ido abu biyu ya ja mini kunne a kai: kada ƙura ta taɓa idon, kada gumi ya shiga. A Maiduguri, cikin watan Afrilu, wannan kamar a ce ka shiga kogi kada ka jiƙe ne. Keke Napep dai ya fita daga lissafi, ni kuwa malamin makaranta ne, babur kawai na mallaka.

Wani abokina da muka yi sakandare tare yana aiki a wani wurin ba da hayar motocin lantarki. Ba ni da kuɗin ajiyar da suke karɓa, sai ya tsaya mini, ya sa hannu a ƙasan nawa. Kafin ya miƙo makulli ya ɗora yatsa a kan wani layi na takardar.

"Malam, ka ga nan? Ƙarfe biyar mota ta dawo, batir kuma kada ya yi ƙasa da kashi talatin. In ya sauka akwai tarar caji, amma ba ita ce damuwata ba. Mutum biyu na tsaya wa a watan nan, duk suka dawo da ita a galabaice. Oga ya ce na uku shi ne sallamata."

Na ce haba, asibiti zuwa Gamboru ne fa. Yaransa huɗu, kuma na san wahalar da ya sha kafin ya samu aikin.

Batir na kan sittin da biyu na karɓe ta, don cajinta bai cika ba. Ban damu ba. Na biya Gwange na ɗauko kular abincin da gwaggonmu ta dafa, na koma neman maganin ɗigawa a kemis har uku, ina ta yanga da sanyin esi kamar motar gado. Sallamar asibitin da aka ce ƙarfe goma ba ta fito ba sai bayan azahar. Da na kwantar wa Baba kujera na zaunar da shi, idon dama rufe da auduga da filasta, na hagun kuma dama inuwa kawai yake gani da shi, allon gaban sitiyari yana nuna arba'in da ɗaya.

Baba ya shafa kujerar ya ce, "Wannan abar tafiya take yi kuwa? Ban ji kukanta ba."

Na ce tafiya take. Ya yi dariya, ya ce duniya ta zo da sabon salo.

Dab da Kasuwar Shanu muka tsaya cik. Wata tirela ce ta gitta tana lodi, wani bijimi ya ƙi hawa, direbobin keke kuma kowa ya cusa kai ta inda ya ga dama har hanyar ta kulle gaba da baya. Ƙurar da kofatai suke tayarwa ta rufe gilashi, ba halin in sauke shi ko da yatsa ɗaya. Rana tana dukan rufin motar, esi yana ta aiki iya ƙarfinsa, lambar nan tana sauka ina kallo. Talatin da tara. Talatin da takwas. Ban taɓa tsanar lamba ba kamar ranar.

Na shiga lissafi a raina. Daga nan zuwa gida, daga gida zuwa wurin hayar, ko ya aka yi sai na ci kashi biyar. Wurin cajin da na sani kullum layi ne, ƙarfe biyar za ta yi kafin a zo kaina. Na kira abokin nawa sau biyu, bai ɗaga ba. Na rage ƙarfin esin, lambar ba ta ji tausayina ba.

A talatin da shida na kashe shi.

Da mota mai shan fetur ce, da kukan injinta ya rufa mini asiri. Wannan kuwa shiru take, iskar tana ɗaukewa shirun ya cika ko'ina. Na saci kallon Baba. Bai juyo ba, carbinsa kawai yake ja. Na shirya ƙarya a bakina, in ce abin ne ya lalace, amma bai tambaya ba.

Minti ashirin da wani abu muka yi a haka. Motar ta koma tanda. Na ga gumi ya tsattsafo a ƙasan hularsa, ya taru a girarsa, ya gangaro gefen filastar. Na sa hankici ina gogewa, ina yi masa fifita da takardar hayar. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, ga kunya a kai, amma hannuna ya ƙi komawa kan maɓallin. Nakan ce bari motar gaba ta matsa tukuna. Da ta matsa sai in ce saura kaɗan.

Da muka isa gida yayata ce ta tarbe mu a zaure. Ita ta yi jinyar Baba tun rasuwar mahaifiyarmu, kuma ba ta ɗaukar wargi a kansa. Tana riƙe hannunsa ta tsaya.

"Wannan wane irin gumi ne? Filastar ma ta ɗago. Ba ka ce motar mai sanyi ce ba?"

Baba ya riga ni.

"Ni na sa shi ya kashe. Sanyin nan ƙasusuwana yake ci. Ya yi ta roƙona, na ƙi."

Ta yi masa faɗan da 'ya'ya mata kan yi wa iyayensu, ta ja shi ciki tana kiran wata nas maƙwabciyarmu a waya. Ni kuma na juya da mota. Biyar saura kwata na miƙa makulli, batir talatin da ɗaya. Abokina ya duba allon ya sauke ajiyar zuciya, ya ce wallahi ni ɗan halak ne.

Kwana uku idon yana ja yana ruwa. Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai na leƙa, ina tambayar yaya ko jan ya ragu, tana harara ta tana cewa taurin kan tsoho ne ya jawo. A rana ta huɗu na same shi shi kaɗai a tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya. Ya ɗago, ya dube ni da sabon idon, karo na farko cikin shekaru da ya ga fuskata sosai.

"Ka yi furfura ashe," ya ce. "Mai motar dai bai samu matsala ba ko?"

Na ce bai samu ba.

"To alhamdulillahi. Miƙo mini maganin nan, lokacinsa ya yi."