Taƙi Ɗaya Daga Tarabulus Zuwa Kano

Shekarar da soja suka koma bariki, hotunan 'yan takara ba su gama ɓanɓarewa daga bangon Ƙofar 'Yandaka ba aka koro ƙanena daga Libiya. Jirgi ya kwaso su daga Tarabulus ya zube su a Kano, ƙanena daga shi sai rigar wuyansa. Su biyu suka tafi ta Agadas a bayan babbar mota, shi da ɗan maƙwabcinmu mahauci. Shi kaɗai ya dawo.

Ni malamar firamare ce. Tun tafiyar yaran, mahaucin nan ya ishe ni da tambayar inda ɗansa ya nufa, har wata rana na ɗauko masa taswirar aji. Ya ɗora babban yatsa a kan Kano, na tsakiya ya sauka a Tarabulus. Ya tuntsire da dariya, ya ce ashe taƙi ɗaya ne. Da taƙin nan ya riƙa lallashin matarsa.

Ranar da ƙanena ya iso, ko ruwa bai gama sha ba mahaucin ya faɗo gidanmu babu sallama, wuƙar fiɗa a ƙugu.

"Ina ɗana?"

"Baba, sai haƙuri. Tun a tahiya ƙishirwa ta kashe shi. Cikin rairayi muka ruhe shi."

Mahaucin ya ce, "Kai yaushe jirginku ya taso?"

"Bayan azahar."

"Ya sauka hwa?"

"Ana kiran magariba."

"Azahar zuwa magariba! Ko Batagarawa na tahi a ƙasa sai in yi haka. Shi ne ka baro mani yaro?"

Mari ya fara kai masa, sai da ƙanena ya kife a kan tabarma. Ya zaro faskare daga murhu ya shiga jibgarsa a baya, a ka, ko'ina. Jini ya ɓalle ta hanci da baki. Abin da ya fi ƙona mini rai, yaron nan ko hannu bai ɗaga ya kare kansa ba. Ni kuwa ba a taɓa jinina ina kallo. Na suri taɓarya na sauke masa a kafaɗa. Ya juyo ya hankaɗa ni, na faɗa kan randa ta tarwatse. Kafin in miƙe ya danne ƙirjin ƙanena da gwiwa, wuƙa a maƙogwaro. Innarmu tana ta salati, ni kuma na ƙame, domin na sha ganin saurin hannun nan a wuyan rago.

"Tashi ka kai ni wurinshi! Taƙi ɗaya ne, Malama ta nuna mani!"

Ƙanena ya tofar da jini, ya ce, "Baba, wallahi na nema. Tun da muka tashi goshina na jikin taga. Duk rairayin iri ɗaya ne. Aka miƙo mani burodi na waiwaya in amsa, ina juyowa aka ce ai mun wuce hamada."

Wuƙar ta suɓuce ta faɗi cikin ruwan randa. Mutumin ya miƙe, ya buɗe tafin hannunsa na dama, ya ware yatsun yana kallo. Sai ya shiga maka hannun a bakin turmi, yana makawa yana kiran sunan ɗansa, har muka ji ƙarar ƙashi. Sai da maza suka shigo suka riƙe shi.

Ƙanena ya warke. Hannun mahaucin kuwa, mai ɗori ya yi iya yinsa, amma har mutumin ya bar duniya yatsun nan biyu ba su sake buɗewa ba.