Tasar Tagulla da Man Shanu

Shekarar da na haifi ɗana na fari, kafin Nasara su shigo ƙasar Damagaram, maigidana ya dawo Matamaye daga fataucin Kano da tsarabar tasar tagulla. Ja ce jawur, in rana ta doke ta sai ka kau da ido. Don ɗoki na ce ba abin da ya dace da ita sai man shanu.

Wata Bafulatana ce daga Tsauni ke kawo mini mai ranar kasuwa. Mun saba har zani muke aron juna. Na juye man da ta kawo cikin tasar, na rufe da faifai. Kwana kaɗan ya fara hamami, in an zuba a tuwo sai maƙaƙi. Sau biyu ana haka. Da ta sake zuwa ban ko shimfiɗa mata tabarma ba.

"Tsohon mai kike kawo mini," na ce.

Ta dube ni, ta ce, "Ni, ƙawa?" Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Uwar mijina tana tsakar gida tana kaɗi, ta ji komai. Ta sa na samo sabon mai, ta raba shi biyu, rabi a tasa, rabi a tandun fata. Bayan mako guda ta ce in ɗanɗana. Na tandu garau yake, na tasa kuwa ya juya.

"Inna, to me tasar ta zuba masa? Ga ta nan ba ta ragu ba."

"Ba ta raguwa, 'yar nan. Dama mai zai tsufa ko ina aka ajiye shi. Tagulla gaggawa take sa shi, tafiyar wata biyu ya yi ta a kwana bakwai. Ita ko tana nan yadda take, ta jira na gaba."

Washegari na goya yaro na kama hanyar Tsauni a ƙafa, ta cikin gonakin gero. Na sami Bafulatanar tana tatsa. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ta yi dariya har saniyar ta zabura, ta dama mini fura da kindirmo, ta hana ni komawa sai da rana ta yi sanyi.

Shekara goma sha muka ƙara tare, kafin su yi ƙaura da shanunsu kudu. Ban sake jin labarinta ba. Har yau in na ji shanu na wucewa bayan gari nakan leƙa.