Kuɓewar da Na Niƙa wa Madam Rima

Har gobe ban manta da wata ranar Talata ba, a watana na uku da kama aikin gida a unguwar Madinat Khalifa, nan ƙasar Larabawa. Ku da kuka zo kwanan nan, ku saurara, don har yanzu in na tuna sai in ji kamar in rufe fuska.

Uwar ɗakina, Madam Rima, amarya ce 'yar Siriya, kuma ko shinkafa ba ta iya dafawa ba. Ni kuwa shekara goma na yi ina sayar da tuwo a zangon Kumasi, don haka ina ji da kaina a kicin. Su mutanen Siriya suna da al'adar tanadin kayan abinci na shekara, suna kiransa muna. Mahaifiyarta ce ta haɗo mata nata daga gida cikin kwali biyu: ɓarzajjiyar alkama, man zaitun, garin barkono, yalo da aka jiƙa a mai, da busasshen na'a-na'a.

Da Madam za ta tafi aiki ta ce, “Hajara, ki jera komai a sito, in na dawo mu fara koyon girki.”

Ƙa'idar aikin ba wuya: a wanke kwalabe, a bari su bushe sarai, a zuba, a rubuta suna. Na gama da alkama da barkono, sai na ci karo da busasshiyar kuɓewa, 'yan ƙanana kamar ɗan yatsan jariri, an shirya su a zare kamar carbi. Na yi dariya. A raina na ce, waɗannan bayin Allah sun busar da kuɓewa amma sun bar aikin a rabi. Na zare su duka, na zuba a injin niƙa, na tankaɗe, na cika kwalba. Har da goge kwalbar na yi don ta yi ƙyalli.

Da la'asar Madam ta dawo, na miƙa mata ina jiran yabo. Ta buɗe, ta shinshina, ta ce, “Ina zaren?”

Ashe su ba sa niƙa ta, ɗaiɗaya suke dafa ta cikin tumatir da nama, kuma yauƙin da muke nema shi suke gudu. Ta zauna a ƙasan sito ta gaya mini cewa mahaifiyarta ce ta shirya su da allura, wata guda tana yi, ga idonta ya fara mutuwa. Tsohuwar ta riga ta faɗa cewa na bana ne na ƙarshe.

Ban gama ba ta haƙuri ba sai ga kiran bidiyo. Tsohuwar ce. Larabcina bai taka kara ya karya ba, amma na gane tana tambayar inda aka rataye kuɓewa. Na tsaya a bakin ƙofa, na riga na sallama aikina.

Madam ta share ido ta ce, “Mama, tana nan, na adana ta a wuri mai kyau.” Da ta kashe wayar ta dube ni ta ce, “Khalas, ya wuce, Hajara, ba ki sani ba ne.”

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Saboda ni ta yi wa uwarta ƙarya.

Abin da na koya shi ne, ƙwarewa ce ta kai ni ƙasa. Da ban iya kuɓewa ba, da na tambaya. Duk abin da kuka tarar a kicin ɗin mutane, musamman wanda kuke ganin kun sani, kada ku taɓa sai kun ji hannun wa ya yi shi.