Godiyar Alhaji Sabo

Har gobe ba zan manta da safiyar wata Lahadi ba, mako guda bayan ƙaramar Sallah ta 2012, ranar da godiya ta kusa mayar da ni Kano da jaka ɗaya. Lokacin shekarata uku ina gyaran AC a wani kamfani a unguwar Al Quoz, nan ƙasar Larabawa, har an ba ni mota da mutum huɗu a ƙarƙashina. Ba yabon kai ba, na iya aikina. In na kasa kunne a jikin kwamfireso, zan faɗi ciwonsa kafin a kwance shi.

Ku da kuka zo bana, ku fahimci tsarin tukuna. Bizar aiki ɗaure take da kamfanin da ya kawo ka. Sunansa ne a fasfonka, sunansa ne a katin aikinka. Ko ranar hutunka ce, in ka yi wa wani aiki ya biya ka ba tare da izini ba, ka karya doka. In aka kama ka, a soke biza, a sa ka a jirgi, wataƙila ma a hana ka dawowa. Wanda ya sa ka aikin shi ma ba ya tsira. Duk mun san haka, amma da yawanmu muna ɗan taɓawa ranar Juma'a, ranar hutunmu. Ni ma ina taɓawa.

Wanda nake yi wa shi ne Alhaji Sabo, wani dattijo ɗan Kano mai aika shadda gida. Yana da fulat shida a Al Buteen, cikin unguwar Deira, inda yake sauke 'yan kasuwa. Cikin azumin shekarar AC ya mutu a ɗakin wasu hajiyoyi tsofaffi biyu, ga zafin Agusta, ga ƙishirwa. Na je bayan sallar Juma'a na tayar da shi cikin awa guda. Daga nan ya zama duk Juma'a. Wata rana ya tambaye ni inda nake aiki, ni kuma don burga na miƙa masa katin kamfani. Wautata ke nan.

Ranar Lahadin muna loda kaya a mota sai ga Musa, mai gadinmu ɗan Kumasi, ya zo da sauri.

"Ɗan'uwa, wahala ya zo," in ji shi da Hausarsu ta zango. "Wani Alhaji na ofishin manaja, ya ce maigidanka yake nema."

Ina shiga na tarar da Alhaji Sabo ya sha babbar riga, ya ajiye ƙullin kilishi da kwalbar turare a kan teburin Mista Jozef, manajanmu ɗan Indiya. Nan take na gane. A gida, in mutum ya kyautata maka, ba shi kaɗai kake gode wa ba, sai ka taka har wurin maigidansa. Alhaji ya ɗauko tasi tun daga Deira don ya fita kunyata.

Alhaji ba ya jin Turanci sosai, sai aka ce Musa ya yi tafinta.

"Gaya masa na zo godiya," in ji Alhaji. "Injiniyan nan da yake ba mu duk Juma'a, wallahi ban ga kamarsa ba. Allah ya ƙara wa kamfani albarka."

Musa ya dube ni ta gefen ido. Na san abin da yake tambaya: ya murɗa maganar ko kuwa? Na tuna iyalina da ginin da na bari a gida ko rufi ban yi ba. Amma in Musa ya yi ƙarya aka gano, bizarsa ma ta tafi, ga shi bai ci komai a ciki ba.

Na ce, "Faɗa masa yadda Alhaji ya faɗa."

Mista Jozef ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi, ya sa aka kawo wa baƙo shayi, ya raka shi bakin ƙofa. Sannan ya dawo ya rufe ofis, ya buɗe durowa ya ɗauko fasfona da kamfani ke riƙe da shi, ya ajiye kusa da kilishin.

"Habu, ka san abin da zan iya yi yanzu?"

Na ce na sani. Na ce na yi aikin, kuma laifi ne, ba zan musa ba. Amma ko sukuru ɗaya na kamfani ban taɓa ɗauka ba, gas ma da kaina nake saye, a je a duba sito. Da na ga bai katse ni ba sai na ƙara gaba. Na ce mutumin nan yana da fulat shida, abokansa suna da shaguna a Al Sabkha, kuma ba sa yarda kowa ya shiga inda matansu suke sai wanda suka sani, mai jin yarensu. In ya kore ni, wani za su nema a ɓoye. In ya bar ni, zan kawo su ta ƙofar gaba.

Ya ba ni takardar gargaɗi na sa hannu, ya dakatar da ni kwana uku. Kwanakin nan abinci ma ɗaci yake mini, ban gaya wa kowa a gida ba.

A cikinsu na je na yi wa Alhaji bayani. Dattijon ya cire hula ya dafe kai.

"Innalillahi! Malam Habu, ni fa na je in ɗaga ka ne!"

"Na sani, Alhaji. In kana so ka ɗaga ni da gaske, ka sa hannu da kamfani."

Bai yi gardama ba. Ranar Laraba ya zo da abokansa biyu da lasisin kasuwancinsu, aka rubuta yarjejeniyar kula da AC ta shekara. Mista Jozef ya mayar da fasfona durowa, ya ce, "Khalas, shi ke nan. Deira taka ce." Ɗan abin da nake samu ranar Juma'a ya tafi, kuma ya yi mini zafi, ba zan ɓoye muku ba. Amma daga ranar, da motar kamfani da takardar aiki nake shiga Al Buteen, na daina waige-waige in na ga baƙuwar fuska a bakin bene.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba su iya ɓoye alheri ba. Ba maƙiyi ne zai tona ka a garin nan ba, wanda ya ji daɗin aikinka ne, kuma da zuciya ɗaya zai yi. Don haka duk aikin da ba za a iya gode maka a gaban maigidanka ba, bar shi, ko ka nemi izini a rubuce.

Da Sallah ta zagayo, ina shan shayi a bakin sito sai ga Musa yana dariya.

"Ɗan'uwa, Alhajinka ya sake zuwa da kilishi."

Ko kofin ban ajiye ba. Na ce, "Kai shi wurin manaja, ka fassara komai, kada ka rage ko kalma ɗaya."