Abin da Yaya Gali ya rufe wa Inna

Yayana Gali mahauci ne a Durba, kuma duk wanda ya taso a ƙasar Kibiya ya san hannunsa na dama kafin ya san fuskarsa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana dambe. Idan kaka ta yi aka zagaya fili, aka naɗe masa hannu da zare, ni ƙanwarsa gida nake gudu in toshe kunne. A Dawaki ya taɓa kai wa wani naushi ɗaya, haƙora uku suka zube a ƙasa, mutumin ya tashi yana neman takalminsa alhali ba da takalmi ya shigo ba. Matsalar Yaya Gali ita ce bai san inda fili ya ƙare ba. Ya mari direba a tasha, ya karya wa wani dillali haƙarƙari a kan akuya. Ina son sa, amma wallahi mutum ne mai ban haushi.

Innarmu kaɗai yake tsoro. Da hawan jinin ido ya fara cin idonta, ta kira shi ta ce ba za ta makance tana jin kukan 'ya'yan mutane a ƙofar gidanta ba. Ya durƙusa ya yi mata alkawarin ya daina. Shekara huɗu bai taɓa ko kaza ba sai da wuƙa da bisimilla. Da likita a Kano ya ce ido ɗaya ya tafi, ɗayan kuma sai an yi aiki a Masar cikin gaggawa, Yaya Gali ya sayar da shanun huɗarsa ya yi musu fasfo. Sunansa aka sa a takarda a matsayin mai raka ta. In babu shi, babu tafiya.

Ranar Litinin na raka su filin jirgi. Muna da sauran lokaci, ya hango wani gidan abinci mai kujeru masu laushi, ya ce yau sai Inna ta ci abin masu kuɗi. Aka kawo mana boga, burodi ne da nama a tsakiya da soyayyen dankali. Ya ɗaga burodin ya leƙa, ya tsuke baki.

"Barira, wannan naman niƙa shi suka yi don kada a gane tsohuwar saniya ce."

Ya dai cinye nasa tas. Inna ta ce a kai ta ta yi azahar tukuna, na kama hannunta muka tafi. Shi kuma ya yi abin da kowa yake yi a gida: ya tura farantinta gefe, da yake babu faifai, ya shimfiɗa ƙyallen goge hannu ya rufe mata, ya je wanke hannu. A wajensu kuwa, ashe rufe faranti da ƙyallen nan yana nufin an gama.

Muna dawowa na hango ma'aikacin wurin, wani dogo mai jan kwat, yana juye abincin Inna a kwandon shara. Yaya Gali ya tsaya a kansa.

"Malam, na tsohuwa ne. Na rufe mata."

Mutumin ba ya jin Hausa. Ya ɗaga kafaɗa, ya yi ɗan murmushi, ya yi masa nuni da bayan hannun hagu wai ya matsa ya wuce. Na ga kafaɗar yayana ta sauka yadda take sauka a fili. Na buɗe baki in kira shi, ban kai ba.

Ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Mutumin ya tafi da baya ya faɗa kan tebur, gilasai suka tarwatse, jini ya wanke masa farar rigar da ke ƙarƙashin kwat ɗin. Wani abokin aikinsa ya ɗauko kujera ya sauke wa Yaya Gali a gadon baya, Yaya Gali ya juyo ya ɗaga shi ya maka da bango. Sai da jami'an tsaro biyar suka taru, suka sa masa gindin bindiga a ƙeya, suka danne shi a kan fasassun gilasai. Ina ihu, ina zaginsa, ina roƙonsu, duk a lokaci ɗaya.

Inna ba ta ga komai ba, amma ta san wannan ƙarar. Ta ce in kai ta kusa da shi. Kuncinsa na manne da ƙasa, ya ce, "Inna, abincinki ya zubar."

Ta ce, "Gali, azumi nake yi. Na ɗauki azumin ne don Allah ya kai mu lafiya."

Jirgi ya tashi muna ofishin 'yan sanda. Wata bakwai ya yi a tsare, kafin ya fito ɗayan idon ma ya rufe. Yanzu yana nan a kasuwa yana yanka nama, ba ya ɗaga murya ko an taya masa da raini. Kullum da la'asar shi yake kai wa Inna tsire, ya yayyanka ƙanana, ya kama hannunta ya ɗora a kan farantin.