Kalmar Company da Tsohon Sojan Karu

Shekarun baya, tun ba a fara zancen kafa babban birnin ƙasa a wannan yanki ba, kawuna da ke zaune a Keffi ya samo mini aikin koyarwa a wata firamare a Karu. Lokacin yaƙin basasa ne, ni kuma fitowata ke nan daga kwalejin malamai, ɗan Zariya mai ji da Turancinsa. Karu ɗin da kuka sani yanzu ba ita ba ce. Gonakin doya ne da duwatsu da 'yan gidajen ciyawa, sai mota ɗaya ko biyu da ke ratsawa a yini.

An ba ni ɗaki a bayan makaranta. Da an tashi, yara su watse suna hira da Gbagyi, yaren da ko gaisuwa ban iya da shi ba, hedimasta ya hau kekensa ya tafi ƙauyensu, sai wurin ya yi tsit. Hausawan garin 'yan kasuwa ne masu iyali, mu gaisa a masallaci kowa ya shige gidansa. Har ta kai ina ɗauko littafin karatun 'yan aji shida in karanta da ƙarfi, don kawai in ji muryar mutum a ɗakin. A raina na riga na yanke cewa idan hutun damina ya zo, na tafi ke nan.

Dangar kara ce ta raba ni da maƙwabcina, wani dattijo Bagbagyi, Kirista, mai ɗingishi. Tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama. Matarsa ta rasu, ɗansa yana fagen daga, 'yarsa tana aure a wani ƙauye bayan duwatsu. Ranar da na iso ya miƙo mini kwanon tuwo da nama ta saman danga. Ban san wanda ya yanka naman ba, sai na ce na gode, na ƙoshi. Ya dube ni, ya janye kwanonsa. Daga nan sai gaisuwa daga nesa.

Wata rana muka ci karo da kalmar company a littafin karatu. Na rubuta ta a allo, na ce ma'anarta kamfani, irin masu sayen riɗi a Keffi. Na sa yara suka yi ta rera haruffanta, domin rabinsu da K suke fara ta. Sai muka iso jimlar da take ciki, ashe labarin wata tsohuwa ne da karenta yake taya ta zama. Wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Tica, kare yana da kamfani?"

Aji ya fashe da dariya. Na gyara murya na ce ai kalmar tana da wata ma'ana, wato taya mutum zama. Abin da ya haɗa wannan da masu sayen riɗi kuwa, na yi maza na wuce shi.

Da la'asar ina fama da murhu sai na ji murya daga bayan danga.

"Tica, wane kamfani ne kuke ta kira tun safe? Ni ma ina da kamfani."

Na zagaya na sami dattijon a gindin wuta yana juya doya. Hausarsa irin ta bariki ce, ba ruwansa da mace ko namiji. Ya ce a soja kamfani mutane ne, waɗanda kuke tafiya tare, ruwa ya dake ku tare. Ya ce a nasu akwai Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, kuma da yawa can suka bar su a cikin daji. Na ce masa ma'ana ta uku ke nan.

"To me ya sa abu uku suna ɗaya?"

"Haka Turawa suka ga dama, Baba."

"Ba ka sani ba dai."

"Ban sani ba."

Ya yi dariya har da tari. Ya kankare doyar da wuƙa, ya raba ta biyu, ya turo mini kaskon manja da barkono.

"Wannan ba a yanka shi ba, Tica. Daga ƙasa ya fito."

Kunya ta kama ni, amma yunwa ta fi ta ƙarfi. Na zauna na ci.

Tun daga ranar, kusan kullum a gindin wutar nan la'asar take samuna. Ba hira muke yi sosai ba. Wani lokaci ya ba ni labarin jirgin ruwan da ya kai su Bama da aman da suka sha, wani lokaci mu yi shiru. In ya ji ƙarar mota daga wajen Keffi sai ya tsaya da tauna, ya kasa kunne har ta wuce, ko akwai labarin ɗansa. In magariba ta yi ya kan ce, "Tashi, lokacinka ya yi," in tafi salla.

Ana gobe hutu na haɗa kayana kaf, har da tukunya da fitila. Ya leƙo ta danga ya ga akwatin, ya daɗe yana kallonsa.

"Tica, in ka je ka tambayo mana manyanku zancen kamfanin nan. In ka dawo ka gaya mini."

Na ce to. Ya sake cewa, "In ka dawo." Na kasa haɗa ido da shi. Kafin in hau mota na sauke tukunyar da fitilar na mayar ɗaki.

A Zariya na je wajen malamin da ya koya mana Turanci. Ya sauko da wani ƙaton ƙamus, ya sa tabarau. Ya ce kalmar ta shigo Turanci ne ta Faransanci, amma tushenta Latin, tsohon harshen Rumawa. Gaɓar farko, com, tana nufin tare, shi ya sa ake rubuta ta da C da O ko da yake baki ba haka yake faɗarta ba. Sauran kuma daga panis ne, wato burodi. Asalinta dai mutanen da ke cin burodi tare. Daga nan sojoji suka ɗauka, 'yan kasuwa masu haɗa jari suka ɗauka. Na yi ta murmushi ni kaɗai har malamin ya tambaye ni ko lafiya.

Ban jira hutu ya ƙare ba. Mota ta kafe da mu a laka bayan Keffi, muka tura, na iso Karu jiƙe sharkaf ina ta shirya yadda zan faɗa masa. Na ajiye akwati na zagaya. Murhun ya yi sanyi, ruwa ya kwanta a cikin tokar. Wata mata ce ta fito daga ɗakinsa da tukwane a kafaɗa. 'Yarsa ce. Ta ce ciwon haƙarƙari ne ya kwantar da shi bayan tafiyata, tun makon jiya aka binne shi.

Ta sauke tukwanen.

"Kai ne Tica? Ya ce za ka kawo masa wani magana."

Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina yi mata bayani, tsaye a tsakar gidan, da Latin da Faransanci da komai. Ta saurara har na gama.

"Shi ke nan maganar?"

"Shi ke nan."

"Ai wannan ya sani," in ji ta. Ta ɗauki tukwanenta.

Na zauna a Karu shekaru bayan haka. Na koyi Gbagyi daidai gwargwado, na yi aure, na ga ranar da ɗansa ya dawo daga yaƙi da ransa ya tarar da gida a kulle. Ni na raka shi kabarin.

Yanzu na tsufa, abokan zamana sun ragu, 'ya'ya kowa yana wajen aikinsa. Na fahimci kaɗaici bai cika kashe mutum ba, sai dai ya sa shi ya saba, har ya riƙa cewa ya ƙoshi alhali ba haka ba ne. Abin da yake damuna har yau shi ne ban san wanda yake wajensa ba a kwanakin da ya yi yana jinya. Na so in tambayi 'yarsa a ranar, na ji tsoron amsar, ban kuma sake samun zuciyar tambaya ba.